Waiwaye: Kyaututtukan CMA da Taƙaddamar Wane Ne Ɗan Gida a Kiɗan Kantiri

A watan Nuwamba na kowace shekara, mawaƙan kantiri, wato kiɗan da ya samo asali daga karkarar kudancin Amurka, sukan hallara a birnin Nashville na jihar Tennessee domin bikin raba kyaututtukan CMA. Ƙungiyar da ke shirya shi, wato Country Music Association (CMA), ƙungiyar masu sana'ar kiɗan kantiri, an kafa ta ne a 1958, lokacin da sabon kiɗan rok ke kwashe wa kantiri masu sauraro a gidajen rediyo, kuma mambobinta, waɗanda ma'aikatan masana'antar ne, su ke kaɗa ƙuri'a, ba jama'ar gari ba. Wannan tsari shi ya sa sakamakon bikin yake bayyana ra'ayin masu riƙe da ragamar sana'ar fiye da na masu sayen faifai.

An yi bikin farko a 1967 ba tare da an nuna shi a talabijin ba, inda Eddy Arnold ya zama gwarzon mawaƙa na shekara, kyautar da har yau ita ce mafi daraja. Ba a yi nisa ba aka ga alamun buɗe ƙofa: Charley Pride, baƙar fata ɗan jihar Mississippi wanda ya taso yana tsinkar auduga, ya lashe ta a 1971, sannan Loretta Lynn ta zama mace ta farko da ta same ta a 1972.

Sai dai tsakiyar shekarun 1970 ita ta fito da rigimar fili. A 1974 aka bai wa Olivia Newton-John, wadda aka haifa a Ingila ta girma a Ostareliya, kyautar gwarzuwar mawaƙiya, abin da ya fusata tsofaffin hannu har suka taru a gidan mawaƙan kantiri George Jones da Tammy Wynette suka kafa wata ƙungiya domin kare abin da suke gani shi ne kantiri na asali. Shekara guda bayan haka, Charlie Rich, gwarzon 1974, ya hau dandali domin sanar da wanda zai gaje shi a matsayin gwarzo. Da ya buɗe ambulan ya ga sunan John Denver, sai ya zaro laita, wato abin kunna wuta, daga aljihu ya banka wa takardar wuta a gaban kyamara, sannan ya faɗi sunan. Wasu sun ɗauki hakan a matsayin bore, wasu kuma sun ce maye ne kawai, amma hoton takardar tana ci da wuta ya zauna a tarihin bikin.

Daga baya Garth Brooks ya mamaye fagen, ya lashe babbar kyautar har sau bakwai tsakanin 1991 da 2019, yayin da mata suka riƙa samun ta jefi-jefi, irin su Dolly Parton a 1978, Taylor Swift a 2009 da 2011, da Lainey Wilson a 2023.

Batun launin fata ne ya fi ci wa mutum rai, musamman idan aka tuna cewa banjo, ɗaya daga cikin ginshiƙan kayan kiɗan kantiri, ya samo asali ne daga kayan tsirkiya irin na Afirka ta Yamma, dangin gurmi da molo, waɗanda bayi suka tafi da iliminsu. Duk da haka, tun bayan Pride babu baƙar fatar da ya sake zama gwarzon shekara, kuma sai a 2023 aka samu baƙar fata ta farko da ta ci kyautar waƙar shekara, wato Tracy Chapman, da waƙar da ta fitar tun 1988 wadda Luke Combs ya sake rerawa. A 2024 kuwa kundin kantiri na Beyoncé bai samu shiga takara ko a rukuni ɗaya ba, alhali Shaboozey, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya shiga takara a rukuni biyu ya fita hannu wayam, Morgan Wallen kuma ya ɗauki babbar kyautar. A ganina wannan rashin adalci ne, domin watanni kaɗan bayan haka, a Fabrairun 2025, masu zaɓen Grammy, manyan kyaututtukan kiɗa na Amurka, sun ayyana wannan kundi na Beyoncé a matsayin kundin kantiri mafi kyau na shekarar.