Waiwaye: Yadda coci da Vudu suka zauna gida ɗaya a Haiti

Wai sau da yawa in an ambaci Haiti sai mutane su ce ai ƙasar matsafa ce, alhali maganar ta fi haka tsawo. Tun 1685 Faransa ta kafa doka cewa duk bawan da aka kai yankunan da take mulka, ciki har da Haiti a lokacin, dole a yi masa baftisma ya zama ɗan Katolika, ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa. To mutanen nan an kwaso su ne daga Dahomey da Kongo da ƙasar Yarabawa, har da Musulmi a cikinsu, kai har Hausawa sun fito a takardun ƙidayar bayi na gonakin rake, kowa da abin da ya baro a gida, sai suka ɓoye iskokinsu a bayan hotunan waliyyan coci. Hoton waliyyi Patrick da macizai a ƙafarsa ya zama iskan nan Dambala, waliyyi Yaƙub mai takobi a kan doki ya zama Ogu na yaƙi, fada, wato limamin coci, yana ganin ibada su kuma sun san da wa suke magana. Haka addinin Vudu ya samu. Iskokin ma hawan mutum suke yi kamar a bori.

A watan Agustan 1791 taron Vudu ne a daji ƙarƙashin wani jagoran bayi mai suna Boukman ya buɗe tawayen bayi, 1804 aka samu 'yanci. Vatikan ta juya musu baya sai 1860 aka yi yarjejeniya, shekara hamsin da wani abu kenan limaman coci 'yan ƙalilan ne, jama'a suka ci gaba da haɗa biyun ba mai tsawata musu.

Fitinar kusan kullum daga sama take zuwa. A 1935 gwamnati ta haramta abin da ta kira camfi, 1941 coci da goyon bayan shugaba Lescot suka fita ƙona ganguna da sare bishiyoyin da ake girmamawa. Duvalier babba kuma da ya hau mulki a 1957 sai ya yi amfani da bokayen Vudu wajen tsorata jama'a, ya kori babban bishof, shi ya sa da ɗansa da ya gaje shi ya faɗi a 1986 fushin mutane ya sauka kan bokaye aka kashe su da yawa. Tsarin mulkin 1987 ya soke dokar 1935, a 2003 shugaba Aristide, wanda shi kansa tsohon fada ne, ya amince da Vudu a matsayin addini a hukumance.

Yanzu cocin Furotesta sun yi ƙarfi sosai, su kam ba sa yarda da haɗin gambiza, in ka shigo to ka watsar da iskoki. Kuma duk bala'in da ya zo masu Vudu ake fara nunawa da yatsa. Da kwalara ta ɓarke a 2010 an kashe bokaye gommai wai su suka watsa ta, ashe sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ne daga Nepal suka kawo cutar. A Disambar 2024 wani shugaban 'yan daba a Port-au-Prince ya sa an kashe mutum sama da 200, yawancinsu tsofaffi, don yana zargin sun yi wa ɗansa asiri.

Amma talaka bai ga wani karo tsakanin cocin Katolika da Vudu ba, a bikin Saut-d'Eau na 16 ga Yuli mutum guda zai yi ibada a coci don Maryamu, ya fito ya wuce magangarar ruwa ya yi wanka don Ezili, ɗaya daga cikin iskokin Vudu, duk a rana ɗaya.