Abin da Kufai Ke Faɗa Game da Gobe: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da wasu ɗalibai 'yan garinmu Mai Wurno na ƙasar Sudan suka yi mini bayan mun zauna da yamma a bakin Shuɗin Nilu muna hira a kan ilimin tono kayan tarihi.

Malam, me tonon kufai zai iya gaya mana game da abin da bai faru ba tukuna?

Gaibu sai Allah, kuma babu masanin da ke da'awar saninsa. Amma mai tonon kufai yana ganin abin da rayuwar mutum ɗaya ba ta isa ta nuna ba, wato yadda gari ke kafuwa, ya bunƙasa, ya watse a cikin shekaru dubbai. A ƙasar Sudan, duk inda aka tona, magana ɗaya ce ke maimaita kanta: ruwa ne ke tara mutane, kuma ƙaurarsa ce ke tayar da su.

Da gaske ne hamadar Sahara ta taɓa zama kore?

Gaskiya ne. Daga kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara tana da tafkuna da ciyawa da garken shanu. Kwarin Wadi Howar, wanda ya taso daga gabashin Chadi ya nufi Nilu kusa da tsohuwar Dongola, kogi ne a wancan zamani, kuma a cikin yashinsa an tono ƙasusuwan kifi da kada da dorina, ga tsingaron tukwane masu zane birjik a inda yau ko raƙumi ba ya son daɗewa. A can gida Najeriya ma, a Dufuna ta Jihar Yobe, wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwalen da ya kai shekaru 8,000. Wani ɗan sauyi a yadda duniya ke kewaya rana ne ya raunana damina, ruwa ya ja baya a hankali, mutane kuma suka bi shi zuwa bakin Nilu. A arewacin ƙasar nan daular Karma ta tashi wajen shekara ta 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ginin tubalinta, Daffufa, yana nan tsaye har yau. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne wancan sauyi ya ɗauki ƙarnuka, amma ɗumamar da hayaƙin injuna ke haddasawa yanzu tana tafiya ne da saurin da jika zai ga abin da kakansa bai sani ba.

Ƙarancin ruwa dole ne ya kawo yaƙi?

Ba dole ba ne, amma ya taɓa kawowa. A maƙabartar Jabal Sahaba kusa da garin Wadi Halfa na arewacin Sudan an tono ƙasusuwan mutane 61 da suka rayu kimanin shekaru 13,000 da suka wuce, kuma fiye da rabinsu, har da mata da yara, suna ɗauke da tabon rauni. Wasu raunukan sun warke kafin a sake yin wasu, alamar cewa faɗan ya yi ta maimaituwa a lokacin da wurin zama ya yi ƙaranci a bakin kogi.

Sai dai ƙasar da ta ɓoye waɗannan ƙasusuwa ita ce kuma ta ɓoye wata amsar. A Musawwarat, mutanen tsohuwar daular Kush ta Sudan sun haƙa babban hafiri mai faɗin kusan mita 250 domin tare ruwan damina su sha da rani, su da dabbobinsu. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da hannu da yawa da kuma amana tsakanin mutane, kuma dabarar ba ta mutu ba, domin duk wanda ya bi karkarar Gadarif ko Kordofan ya ga hafiri da idonsa.

To me ya rusa Marawi ta dā, babban birnin daular Kush mai dalolin Bajarawiya?

Abubuwa ne suka taru. Hanyar fatauci ta karkata zuwa Bahar Maliya, daular Aksum ta ƙasar Habasha ta yi ƙarfi, kuma wajen shekara ta 350 sarkinta Ezana ya bar rubutu yana faɗin yaƙin da ya kawo wannan yanki. Akwai masu ganin narka tama ya cinye itatuwan wurin, suna kafa hujja da tulin kashin maƙera da ke jibge a gefen birnin, ko da yake masana ba su haɗu a kan wannan ba. Mulkin ne ya faɗi, amma mutane ba su ƙare ba: bayansu daular Soba ta yi zamani, bayanta kuma ta Sinnar daga 1504. Mu ma da ke nan, kakanninmu sun iso ne daga arewacin Najeriya bayan yaƙin Burmi na 1903, suka share daji suka yi gona.

Mene ne ya fi saurin salwanta idan daula ta faɗi?

Ilimi. Rubutun Marawi ana iya furta haruffansa tun farkon ƙarni na 20, amma har yau ba a fahimci yawancin abin da yake faɗa ba, domin masu harshen sun tafi ba su bar mai fassara ba. A 1834 wani Bature ɗan Italiya mai suna Ferlini ya rushe kawunan daloli yana neman zinariya, a 1964 ruwan madatsar Aswan ya haɗiye tsohuwar Wadi Halfa, sannan yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya kai ga wawushe Gidan Tarihi na Ƙasa a Khartum, inda aka adana kayan da aka ceto daga wancan ruwa.