Abin Da Ke Faruwa A Jikin Mai Shan Maganin Tarin Fuka

Me ya sa mai tarin fuka ke ramewa haka?

Ba rashin cin abinci kaɗai ba ne. Garkuwar jiki tana shafe watanni tana faɗa da ƙwayar cutar, tana fitar da sinadaran kumburi masu kawo zazzaɓi da zufar dare da toshewar baki. Wannan doguwar gwagwarmaya tana taɓa homon, wato sinadaran da ke kai saƙo tsakanin gaɓoɓi. Kotizol, wanda ke fitowa daga wata 'yar gaɓa a saman ƙoda, yakan ƙaru, shi kuwa DHEA, wani homon da ke fitowa daga wannan gaɓar, ya ragu. Kotizol yana lafar da kumburi, amma idan ya daɗe da yawa yakan ci tsoka, ya kuma sanyaya garkuwar. Shi ya sa za ka ga magidanci rigarsa ta yi masa yawa cikin wata biyu.

Magani yana gyara wannan?

Sannu a hankali. Wata 2 na farko ana haɗa magunguna 4, sannan wata 4 da guda 2. Da ƙwayoyin cutar sun ragu, kumburi ya lafa, baki ya buɗe, nama ya fara dawowa. A nan ne da yawa ke ajiye magani wai sun warke, kuma wannan yana ba ni tsoro ƙwarai, don haka cutar ke koyon bijire wa magani.

Na fara shan magani, sai kaluluwar wuyana ta ƙara girma. Bai karɓe ni ba ne?

Ba lallai ba. Wani lokaci garkuwar ce ta farfaɗo ta auka wa ragowar ƙwayoyin da ƙarfi. An fi ganin haka ga masu cutar ƙanjamau da suka soma maganinta. Kada ka daina, koma asibiti a duba ka.

Mace mai tazarar haihuwa fa?

'Yar'uwa, faɗa wa likita tun ranar farko. Rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, wanda ke mai da fitsari ja kamar manja, yana sa hanta ta narkar da homon da sauri, don haka ƙwayar sha da ashanar hannu suna iya kasa hana ciki. Haka yake rage ƙarfin wasu magungunan ciwon suga da na maƙoƙo, sai likita ya sake daidaita su.