Haɗa injin LS mai turbo a tsohuwar motar ƙarfi ta Amurka

Haɗa injin LS mai turbo aiki ne da makanikai da masu sha'awar mota a Amurka ke yi, inda ake cire injin asali na motocin ƙarfi na shekarun 1964 zuwa 1972, irin su Chevrolet Chevelle, Camaro, Nova da Pontiac GTO, a dasa musu injin V8 na zamani ƙirar General Motors da ake kira LS, sannan a ɗaura masa turbo, na'urar da hayaƙin inji ke juyawa don ta tura ƙarin iska cikin injin. Motar tana nan da tsohuwar surarta, amma tana tashi da bugu ɗaya, ba ta shan mai kamar da, ƙarfinta kuma yakan zarce na Chevelle SS 454 LS6 ta 1970, wadda kamfani ya rubuta mata ƙarfin doki 450.

Asali

Turbo ba baƙo ba ne a motocin General Motors. Tun a 1962 aka fitar da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza Spyder da shi. Jetfire na da matsi mai yawa, 10.25:1, don haka sai da aka haɗa mata tankin ruwa da metanol da ake fesa wa inji don kada mai ya fashe ba bisa ƙa'ida ba. Masu motar sukan bar tankin ya ƙafe, ƙirar kuwa ba ta daɗe ba. Abin da ya gagara a lokacin shi ne sarrafa mai da wuta daidai da iskar da turbo ke turawa, aikin da kafireta ba ta iya yi da kyau. Sai da kwamfutar inji ta zo aka shawo kansa, kamar yadda Buick GNX ta 1987 ta nuna.

Zaɓen inji

Dangin LS sun fara da LS1 a Corvette ta 1997, amma wanda aka fi amfani da shi a wannan aiki injin motocin ɗaukar kaya ne: LM7 mai lita 5.3, da ke cikin Silverado da Tahoe daga kusan 1999 zuwa 2007, ko LQ4 mai lita 6.0. An ƙera su da yawan gaske, suna da araha a wuraren sayar da tsofaffin kayan mota, gangar jikinsu kuma baƙin ƙarfe ce. Kowace marufar da ke riƙe karanshaf tana da ƙusoshi shida, huɗu daga ƙasa biyu daga gefe, shi ya sa gindin injin ke jure nauyin da ya ninka wanda aka ƙera shi dominsa. Faɗin silindar LM7 milimita 96 ne, tafiyar fistin milimita 92, matsinsa 9.5:1, ƙarfinsa daga masana'anta doki 270 zuwa 295. Da iskar turbo mai matsin ba 0.7 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne) da kamshaf mai dacewa, yakan ba da doki 500 zuwa 600.

A lura da faifan haƙoran da ke jikin karanshaf: na injinan LS zubi na uku 24x ne, yawancin na zubi na huɗu 58x, kuma dole kwamfuta ta dace da wanda ke ciki, in ba haka ba injin ba zai ko tashi ba. Injinan da aka ƙera daga wajen 2005 sun fi kaurin sandunan fistin.

Aikin cikin inji

A nan ne ake cin riba ko a yi asara, kuma abin da ya fi muhimmanci ba ya cin kuɗi: giɓin ringi. Ringin sama yana miƙewa idan ya ɗau zafi. Turbo na ƙara zafin ƙonewa sosai, idan giɓin ya yi kaɗan sai bakunan ringin biyu su haɗu, ya rasa inda zai je, ya ɓalle leɓen fistin. Wanda ya buɗe irin wannan inji zai tarar da gutsuren fistin kamar ƙumba ya ɓace daga gefen sama, fulogin silindar ya lotse, wani lokaci gutsuren ya bi hayaƙi ya kakkarya fuka-fukan turbo. Maganinsa shi ne a cire kowane fistin, a tura ringin cikin silindarsa da kan fistin don ya zauna daidai, a auna giɓin da ma'aunin filogeji, a goge baki ɗaya kaɗan-kaɗan har ya kai kusan inci 0.007 ga kowane inci na faɗin silinda. A LM7 wannan ya kama inci 0.026 zuwa 0.028, wato kusan milimita 0.7. Ringi na biyu ana ba shi daidai haka ko ɗan fiye. A kankare kaifin da gugar ta bari, kada ya karce silinda.

Abu na biyu shi ne kan inji. LS na da manyan ƙusoshi huɗu kacal kewaye da kowace silinda, alhali tsohon ƙaramin V8 na Chevrolet biyar yake da su, don haka matsi mai yawa yakan ɗan ɗaga kan, hayaƙi ya shiga hanyar ruwa. Ana sa gaskit mai faifan ƙarfe hawa-hawa, irin na LS9, da sandunan ɗauri na kamfanin ARP. Ƙusoshin masana'anta sau ɗaya ake ɗaure su, ba a maimaitawa. Kafin ɗauri a tsane ramukansu sarai, domin ruwa ko baƙin mai da ya kwanta a ciki na iya tsaga gangar inji.

Sufirin na bawul ma dole a canza su da masu ƙarfi, saboda iska tana danna bawul ɗin shiga daga baya, hayaƙin da turbo ya tare yana danna na fita. Sai ƙaramin zoben roba na bututun da ke zuƙo baƙin mai daga kwano: idan ya tsufa ko aka matse shi a karkace, famfo zai riƙa jan iska, matsin mai ya faɗi, mital ya tafi. Kwanon motocin kaya kuma yana saukowa ƙasa da ƙarfen gicciye na Chevelle da Camaro, sai an musanya shi da gajere.

Turbo da bututunsa

Galibi turbo ɗaya ake sawa, mai fanka milimita 75 zuwa 78, irin BorgWarner S475. Hanya mafi arha ita ce a juya bututun hayaƙin motar kaya su kalli gaba, a haɗe ɓangarorin biyu da bututu zuwa turbo, daga nan bututu mai inci 3.5 ko 4 ya fita da hayaƙin. Westiget, ƙofar da ke karkatar da rarar hayaƙi don iska ta tsaya inda aka tsara, tana buƙatar bututunta ya rabu a kwance bisa hanyar da hayaƙi ke bi. Idan aka manna ta a tsaye a gefe, hayaƙin zai wuce ta, iska ta yi ta hawa da gudu ko da ƙofar a buɗe take.

Baƙin mai yana shiga turbo ta siririn tiyo mai lamba 4AN, ya fita ta mai kauri, 10AN. Ba famfo ke fitar da shi ba, gangarowa yake yi, saboda haka tiyon ya sauka ba lanƙwasa ya shiga kwano sama da inda mai ya tsaya. Turbo da yawa da ake cewa sun lalace don suna fitar da shuɗin hayaƙi, wannan tiyon ne kawai ya toshe musu hanya.

Iskar da aka matsa zuwa ba 1 takan haura digiri 100 na Salsiyas, sai ta bi ta intakula, na'urar sanyaya iska, a gaban lagireto ta huce. Hakan na rage wa lagireto iska, don haka ake sa babba na alminiyam da fankar lantarki, a kuma haɗa ƙananan bututun tururi na kan inji da shi.

Mai da wuta

Ba turbo ke kashe inji ba, ƙarancin mai da wutar da ta zo da wuri ne. Tsohon tanki an yi shi ne don kafireta, ba shi da shingen da ke tare mai. Da an taka wuta sai fetur ya koma baya, famfo ya ja iska daidai lokacin da inji ya fi buƙata. Ana sa sabon tanki mai famfo a ciki, mai tura kusan lita 450 a awa. Matsin fetur na LS yana kan ba 4, kuma ragileta ta riƙa ƙara shi daidai da ƙaruwar iska. Nozul na asali ba sa wuce kusan cc 260 a minti. Doki 600 na buƙatar aƙalla cc 630, yawanci ana sa masu 840 don a bar rara. Mai amfani da E85, fetur mai yawan itanol, zai ƙara kusan kashi 30 cikin ɗari a kan wannan lissafi.

Kwamfutar masana'anta ana iya sake mata tsari da manhajar HP Tuners, ko a sa sabuwa irin Holley Terminator X, tare da sensa mai karanta matsin iska har ba 2 ko 3. A ƙarƙashin iskar turbo ana neman haɗin iska da fetur kusan 11.5 zuwa 11.8 bisa 1, a ja lokacin tartsatsi baya, a sa fulogi masu sanyi da giɓin kusan milimita 0.6. Ana fara gwaji da iska kaɗan, kamar ba 0.4, a duba fulogi bayan kowane taku; ɗigo-ɗigon baƙi ko na azurfa a farin jikinsu alama ce mai na fashewa, a tsaya nan take. Alƙaluman da ake gani na Amurka an gina su ne kan fetur mai lamba 93 a ma'auninsu, kusan 98 a RON, ma'aunin ingancin fetur na yawancin ƙasashe, wanda fetur ɗinsa bai kai haka ba ya rage iska da wuta.

Sauran motar

Giyabos 4L60E ba ya daɗewa a bayan irin wannan inji. Ana sa 4L80E ko TH400, ko Tremec T56 Magnum ga mai son giyar hannu. Aksul na baya mai ƙusa 10 da faifai inci 8.2 ana maye gurbinsa da mai ƙusa 12 ko Ford mai inci 9. Camaro da Nova na waɗannan shekaru ba su da cikakken shasi, sai an haɗe gaba da baya da sandunan ƙarfe kada bodi ya murɗe. Yawancin motocin sun fito da birkin ganga a ƙafa huɗu, kuma ya kamata a mayar da shi na faifai tun kafin a taɓa inji. A filayen tseren NHRA, ƙungiyar tseren mota ta Amurka, motar da ta cinye rubu'in mil a daƙiƙa 11.49 ko ƙasa sai da ƙarfen kariya a bayan direba, wadda ta kai 9.99 kuwa sai da cikakken keji.