Matsalolin Motsin Ido a Cutar Maltiful Sikilerosis

Maltiful sikilerosis, wadda likitoci ke taƙaitawa da MS, cuta ce da garkuwar jiki ke lalata mayelin, wato rufin da ke lulluɓe da zaren jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Idan ɓarnar ta faɗa wa kututturen ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke haɗa ta da laka, ko ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, idanu biyu sukan daina tafiya tare, sai majiyyaci ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko ya ga abin da ke tsaye yana girgiza.

Tarihi

Jean-Martin Charcot, likitan asibitin Salpêtrière da ke Faris, shi ne ya fayyace cutar a shekarar 1868, kuma rawar ido, wato kaɗawar ƙwayar ido ba da son mutum ba, tana cikin alamomi uku da ake jingina wa sunansa, tare da karkarwar hannu yayin kai shi ga abu da kuma magana mai yankewa gaɓa-gaɓa. A 1890 likitan ido Bajamushe Wilhelm Uhthoff ya lura cewa ganin wasu majiyyata yana dusashewa bayan motsa jiki. Daga baya aka gane ɗumamar jiki ce sanadi, kuma hakan kan tsananta matsalar motsin ido ma. A 1967 likitan jijiyoyi C. Miller Fisher ya raɗa sunan "ɗaya da rabi" ga yanayin da ido ɗaya ba ya juyawa dama ko hagu, ɗayan kuma waje kawai yake iya juyawa.

Ire-irensu

Wadda ta fi shahara ita ce shanyewar ido ta tsakanin cibiyoyi, da ake kira INO. Akwai damin zare a kututturen ƙwaƙwalwa da ke haɗa cibiyar jijiya ta shida daga cikin jijiyoyin kai, mai juya ido waje, da ta uku, mai juya ɗayan idon wajen hanci. Idan ya lalace, idon da ya kamata ya nufi hanci yakan yi jinkiri ko ya tsaya, ɗayan kuwa ya yi ta rawa. Samun wannan a idanu biyu ga matashi babbar alama ce ta MS, amma a ido ɗaya ga tsoho an fi zargin bugun jini, wato katsewar jini ga wani sashe na ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma rawar ido mai kai-komo, wadda takan hana karatu.

Magani

Sabon tashin cutar ana tarbarsa da allurar maganin methylprednisolone ta jijiyar jini. Magungunan gabapentin da memantine suna rage rawar ido ga wasu, rufe ido ɗaya ko tabarau na musamman kuma yana sauƙaƙa ganin bibbiyu. Ra'ayin likitoci ya bambanta a kan tiyata.