Kujeru 112 da Kujeru 148: Yadda Tsarin Mulkin Malesiya Ya Raba Rinjaye Gida Biyu

A zaɓen 'yan majalisar dokokin Malesiya na ranar 8 ga Maris, 2008, ƙawancen Barisan Nasional mai mulki ya samu kujeru 140 cikin 222 na majalisar wakilai, wato Dewan Rakyat, yayin da jam'iyyun adawa uku, PKR da DAP da PAS, suka tashi da 82. Gwamnati ba ta faɗi ba, amma zaɓen ya girgiza ƙasar, kuma a cikin kundin tsarin mulki ake samun dalilin hakan.

Sashe na 43 ya ce sarkin ƙasar, wanda ake kira Yang di-Pertuan Agong, zai naɗa firaminista daga cikin 'yan majalisar wakilai, wanda a ganinsa zai iya samun amincewar mafi yawan 'yan majalisar. Kujeru 112 sun wadatar wajen kafa gwamnati, da zartar da kasafin kuɗi da dokokin yau da kullum. A nan Barisan Nasional ba ta da matsala, shi ya sa Abdullah Ahmad Badawi ya ci gaba da zama firaminista.

Sashe na 159 shi ne inda gizo ke saƙar. Gyara mafi yawan sassan kundin yana buƙatar goyon bayan kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa a karatu na biyu da na uku, kuma ana lissafin ne da jimillar kujeru, ba da waɗanda suka halarci zama a ranar ba. A majalisar wakilai wannan na nufin ƙuri'u 148. Majalisar dattawa ba ta cika zama cikas ba, domin 44 daga cikin mambobinta 70 sarki ne ke naɗa su bisa shawarar firaminista. Saboda haka majalisar wakilai ce kaɗai wurin da 'yan adawa za su iya taka wa gwamnati burki, kuma a 2008 gwamnati ta gaza kai wa wannan adadi da kujeru takwas. Rabon da ƙawancen mai mulki ya rasa wannan rinjaye tun zaɓen 1969, kuma shekara huɗu kacal kafin nan, a 2004, ya lashe kujeru 198 cikin 219.

A ganina, batun mazaɓu ne ya fi nuna nauyin wannan asara. Adadin kujerun majalisar wakilai a rubuce yake a sashe na 46, don haka ba a ƙara kujera ko ɗaya sai an gyara kundin. Tun daga 2008 adadin ya tsaya a 222. Sai dai akwai ƙofar da ta rage a buɗe, domin sake shata iyakokin mazaɓun da ake da su rabin 'yan majalisa kawai yake buƙata, kuma da haka gwamnatin Barisan Nasional ƙarƙashin firaminista Najib Razak ta zartar da sabuwar taswirar mazaɓu a Maris na 2018, 'yan makonni kafin zaɓen da ya kayar da ita. Rashin daidaiton yawan masu ƙuri'a tsakanin mazaɓu ya riga ya fito fili a 2013, lokacin da 'yan adawa suka fi samun ƙuri'un jama'a amma suka ƙare da kujeru 89, Barisan Nasional kuwa da 133.

Wannan tanadi na kashi biyu bisa uku bai hana gyaran kundin ba, ya dai tilasta wa gwamnati neman hannun abokan hamayya. Ta haka aka rage shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18 a 2019, da goyon bayan ɓangarorin biyu. Haka ma a 2022 aka saka sashe na 49A, wanda ya tanadi cewa ɗan majalisar da ya sauya sheƙa daga jam'iyyar da aka zaɓe shi a ƙarƙashinta ya rasa kujerarsa, bayan sauya sheƙar wasu 'yan majalisa a 2020 ta rusa gwamnatin Pakatan Harapan, ƙawancen da ya kayar da Barisan Nasional a zaɓen 2018.