Safar hannu tana tare gam din hakori kuwa? Tambayoyi da amsoshi

Wata abokiyar aikina ce ta nuna min yatsunta kwanakin baya, babban yatsa da manuniya da na tsakiya na hannun hagu duk sun bushe sun tsattsage kamar kaushin hunturu, ko dankwali za ta daura sai ta cije baki. Tace ita fa bata taba aiki ba safa ba, to ta ina gam din hakorin ya shiga? Raina ya sosu sosai, shi yasa na zauna na hada wannan.

Wai meye a cikin gam din da har yake cin fata?

Gam din da muke shafawa a hakori kafin a saka farin ciko, wanda muke cewa bondin, yana dauke da sinadarai dangin akirilet, manyansu HEMA da TEGDMA da Bis-GMA, sannan an narka su cikin asiton ko itanol ko ruwa. Shi kuma ruwan da ake kwaba hodar hakoran roba da shi MMA ne, mai warin nan da ke cika dakin aiki. Gam din in an haska masa shudiyar fitila ya daskare hadarinsa ya ragu sosai, danyen ne matsala.

To safar ba ta hana shi shiga ne?

Tana hanawa, amma na dan lokaci kadan. Safar asibiti an yi ta ne don ta tare jini da yawu da kwayoyin cuta. Su kuwa HEMA da MMA kwayoyinsu kanana ne kwarai, basa bukatar huda, jikin robar suke ratsawa a hankali kamar yadda mai ke ratsa takardar kosai har su fito ta ciki, kuma kai baka ga komai ba, safar tana nan kalau a ido. Tun 1992 wani mai bincike a Denmark, Munksgaard, ya gwada wannan ya nuna HEMA da TEGDMA na ratsa safar binil da ta letes cikin yan mintuna. Kuma abun takaicin, da zarar ya shiga sai safar ta rike shi a jikin fata ga gumi ga zafi, fatar ta yi laushi ta kara shan shi.

Wace safa ce tafi?

Binil ce ta baya. Letes ta dan fi ta, naitiril da niyofirin sun fi su jurewa, amma su ma maganar mintuna ake yi ba awanni ba, musamman naitiril mara kauri din nan da ake sayarwa da araha. Kuma in gam din mai asiton ne lokacin yana kara gajarta, don asiton na kumbura robar ya bude wa sauran hanya. Wadda take tarewa da gaske ita ce safar leda mai hawa-hawa irin 4H ko Silver Shield, saidai bata kama hannu, ba yadda za ka rike karamin buroshi a bakin mutum da ita. Masu larurar wasu na yanko yatsun ta su saka a ciki sannan su dora naitiril a sama.

Saka safa biyu fa?

Yana kara lokaci, musamman in ta cikin leda ce ta foli'etilin. Amma ba lasisin taba gam bane.

To yanzu me mutum zai yi a aikace?

Kar ka taba shi, wannan shine gaba da komai. A diga a dan kwanonsa a dauka da buroshi, a daina gyara ciko da yatsa, kuma don Allah a daina goge buroshi ko bakin kwalba a bayan safar hagu, dabi'ar da nake gani kullum kenan kuma hannun hagun ne yafi lalacewa. Ita kanta kwalbar in ta yi danko a waje a goge ta da gauz a yar. In ya diga a safa cire ta nan take ka wanke hannu da sabulu da ruwa ka saka sabuwa, kar ka ce bari in karasa wannan hakorin, kuma kar ka goge da sifirit ka ci gaba. Na san a wasu wuraren ana kirga safa kamar zinare, amma kwalin safa bai kai kudin hannun da ya daina aiki ba.

In yatsu sun riga sun fara fa?

A je wurin likitan fata a yi gwajin manna sinadari a gadon baya, shine zai bambance ko akirilet ne ko robar safar ce ko yawan wanke hannu kawai. In alajin akirilet ne, wato jiki ya daina jure shi, ya zauna kenan, baya warkewa, saidai kaucewa. Ba karamin abu bane, a 2012 kungiyar masana wannan ciwon fata ta Amurka ta zabi akirilet a matsayin sinadarin alaji na shekara. Mata kuma a kula da farcen kanti da jan farce na jel, akwai HEMA a yawancinsu, wadda ta kamu a wurin aiki zai iya tashi mata a wurin kwalliya.